Motar da Ta Ƙi Mai Ita

Makullin ya suɓuce wa Baba Direba a bakin kasuwa, ya daki kwalta, robar kansa ta tsage biyu. Ya haɗa ta ya ɗaure da zare. Bai lura da wani ɗan baƙin abu kamar ƙwayar shinkafa da ya gangara kwata ba.

A cikin wannan ƙwayar ran makullin yake. Akwai zobe kewaye da ramin makulli mai tambayarta lamba. In ta amsa daidai, ƙwaƙwalwar motar ta saki mai da wuta, in kuwa shiru, ta riƙe abinta. Wani mai gyaran wayarin mota ya taɓa yi masa wannan bayanin, har ya ce ya kawo motar a jona mata kwamfuta a gabatar mata da makulli na biyu. Baba ya ce shi da ya ja tirela tun uban mai kwamfutar yana rarrafe, ba za a koya masa ta da mota ba.

Ya murɗa. Injin ya yi gurnani ya mutu, jan hoton makulli yana ƙiftawa a gabansa. Matarsa tana can ciki wajen cefane, ba ya son ta fito ta same shi yana zufa. Sai ya yi abin da hannunsa ya saba a zamanin tsofaffin motoci: ya ɓalle murfin ƙasan sitiyari, ya zaro wayoyi, ya fere biyu da haƙori.

Mai gadin wurin ne ya leƙo. "Ɓarawo!"

Mutane suka taru, suka finciko Baba ta ƙafa, ƙeyarsa ta bugi dokin ƙofa. Wani ya sauke masa benci a gadon baya. Mai faci ya zo da ƙarfen cire taya. Baba kuwa, bakinsa cike da jini yake cewa motarsa ce.

"Ina ka taɓa ganin mai mota yana yanke wayar motarsa, tsoho?" in ji mai gadi. Kowa ya gyaɗa kai, har waɗanda ba su taɓa riƙe sitiyari ba. "To, in taka ce, tashe ta."

Suka cusa shi kan kujera. Ya murɗa yana bismilla. Gurnani, sai shiru.

Mai faci ya danne wa Baba hannun dama a kan ƙofa, ya ɗaga ƙarfen ya sauke. Baba ya ji ƙarar ƙashin kafin zafin ya iso. Wani yana tambaya ko akwai mai fetur a kusa.

Matar Baba ta keto taron, ta yar da kwandon, ta faɗa kansa. Sandan da aka riga aka ɗaga ya sauka a kafaɗarta.

"Mijina ne, marasa tsoron Allah. Ni ya kawo. Ku haɗa da ni ku ƙona."

Hannuwa suka sauka. Na baya suka fara sulalewa.

"Ai da ya yi bayani, Inna," in ji mai gadi.

Ba ta ko dube shi ba. Ta yage gefen mayafinta ta naɗe hannun mijin, yatsun suna reto kamar ba nasa ba.

"Malam, za ka iya tashi?"

Ya gwada dunƙule hannun, ya kasa.

"Tsayar mana da tasi," ya ce.