Gefen Hoton Bikin Kubura

A Bagudo, in aka ambaci Baban Yemisi mai ɗaukar hoto, sai a ce mutumin nan da ba ya zubar da komai. 'Yan kabu-kabu har cewa suke yi fuskar da ka manta ka taɓa yi tana nan cikin kwamfutarsa.

Wannan magana ce ta taso Kubura daga Illo bayan sadakar arba'in ɗin mahaifiyarta. An bincike gidan kaf, ba a sami hoton tsohuwar ko ɗaya ba.

Kubura ce 'yar fari. Saboda kunya irin ta Fulani, Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta kuma zama kusa da ita a gaban mutane. Ranar bikinta an yi ta roƙon Inna ta shigo hoto, ta ƙi, ta koma bakin zana ta tsaya. Da Kubura ta zo shagon Baban Yemisi zaɓen hotuna, ta hango mayafin Inna a can gefe, ɗan mitsitsi a gilashin kyamara, sai zuciya ta ɗebe ta. Ta ce a yanke wajen. Wadda ba ta so shiga ba, a fitar da ita gaba ɗaya.

Yau ga ta a kan bencin shagon, tana ta kewaye-kewaye kafin ta faɗi abin da ya kawo ta. Baban Yemisi bai katse ta ba. Da ta gama, ya gaya mata gaskiya: in a kan asalin hoton ya adana yankan, to gefen ya tafi ke nan. Sai an duba.

Ya daɗe yana laluben hotunan shekarar. Can sai ga amarya tsakiyar ƙawayenta.

"Ɗiyata, an yi sa'a," ya ce. "Wanga ban yanke shi ba, rufe gefen kawai na yi."

Ya ja iyakar hoton a hankali zuwa dama. Zana ta fito, sai mayafi, sai fuska. Ya ƙara mata girma.

Inna ba kyamara take kallo ba. Ta leƙo ne, ta rufe baki da hannu tana ɓoye murmushi, idonta duka a kan Kubura.

Baban Yemisi ya tashi kamar zai gyara labule. Kubura ta matso ta dafa teburin.

"Inna," ta ce a fili, "ki yafe mani. Ban san kina kallona ba."