Gadin Duniyar Irmiya

Ni Mika'ilu tela na Fadaman Mada, da furfurata da komai, shekara uku ina yaƙi a sararin samaniya cikin wayar da batirinta ya kumbura. Wasan ke nan: kowa da duniyarsa, ya gina ta, ya tara jiragen yaƙi, ya tsare ta daga mahara.

Maharan namu 'yan wata ƙasa ne, kuma sun karance mu tsaf. Musulmin ƙungiyarmu ranar Juma'a suke afka musu, daidai lokacin huɗuba. Kiristoci kuma Lahadi da safe. Sai muka yi tsari da maƙwabcin shagona, Irmiya mai walda: Juma'a ya tura jiragensa su tsare tawa, Lahadi in tsare tasa. Sunan marigayiyar matarsa, Roda, ya sa wa duniyar tasa.

Sabitu mai cajin waya kullum cewa yake yaƙin wasan nan ba dabara ba ne. "Wace dabara, Malam Mika'ilu? Da jirage sun haura ɗari a fili, mai wayar tsada ne ke ci." Ni kuwa in yi ta musu, wai iya jera runduna ne. Kai, ni da bakina!

Wata Lahadi cikin zafin Afrilu, ƙarfe goma, suka zo. Jirage ɗari uku, wallahi kamar fara. Na jera nawa yadda na saba, na danna a kai hari, sai hoton ya tsaya cak. Wayar ta ɗau zafi kamar dutsen guga. Na cire mata riga, na manna ta a jikin randa, ina mata fifita da kwali ina zaginta. Minti tara. Da ta farfaɗo, jiragena suna nan a jere lafiya lau, ko harsashi ɗaya ba su harba ba. Roda kuwa an ƙone ta ƙurmus.

Irmiya ya dawo daga coci da farar rigarsa. Na miƙa masa wayar. Ya daɗe yana kallo.

"Maƙwabci, ba laifinka ba ne," in ji shi. "Ni ma dama na gaji." Ya shige shagonsa. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Ranar Juma'a na bar wayar a kan keken ɗinki na tafi masallaci. Na riga na sallama tawa, wanda aka ƙone masa duniya da me zai yi gadi? Da na dawo na duba. Sun zo, amma 'yan kaɗan suka turo, tunda sun ɗauka babu mai tsaro. Duniyata tana nan. A gefenta tarkacen jirage bakwai ne ke yawo, iyakar abin da ya rage wa Irmiya ke nan.

Na leƙa shagonsa. Yana tsugune yana waldar wata ƙofa, ko ɗagowa bai yi ba.

"Bakwai ba sa sa waya zafi," ya ce.