Farashi a Tsaye

Shekara goma sha huɗu Malama tana koyar da tarihi, sai rana ɗaya makarantar ta gano cewa yara za su iya rayuwa ba tare da sanin jiya ba. Aka cire darasin, aka ce aikinta ya ƙare da ƙarshen zango. Ta nemi wani kwas na shekara ɗaya a jami'a, inda ake mayar da masu digirin wani fanni masana tattalin arziki. Suka ce za su ɗauke ta in ta ci jarabawar share fage nan da mako uku. Wanda ya faɗi sai baɗi, ita kuwa da 'ya'ya biyu ba ta da baɗi.

Rabonta da lissafi tun sakandare. Dole ta kwashi littattafai ta koma gaban mahaifinta, tsohon malamin lissafi da ɗalibai suka laƙaba wa Jan Biro. Kullum bayan la'asar suna kan teburin cin abinci, tana gumi, yana tsaki.

"Uwata, kin haddace ranar mutuwar sarakuna ɗari, amma harafi ɗaya ya ɓata a lissafi kin kasa nemo shi?"

"Baba, su sarakunan ba sa canja wuri in na juya baya."

Ta yi kuka sau biyu a banɗaki, ta wanke fuska ta dawo. Sannu a hankali kan ya fara buɗewa.

Saura kwana biyar Baba ya buɗe littafin tattalin arzikin, ya ci karo da zanen da ke nuna yadda saye ke raguwa in farashi ya hau. Ya gyara tabarau.

"Wane jahili ne ya zana wannan? Farashi ne sanadi, kuma sanadi a layin kwance yake zama. Su sun tsayar da shi!"

"Haka suke yi, Baba. Duk littattafansu haka ne."

"To duk sun ɓata. Kuskure ba ya zama daidai don ya yi jikoki."

Washegari ta tarar ya bi littafin shafi-shafi da jan biro, ya juya kowane zane. Ta riƙe kai.

"Baba, ba kai za ka duba takardata ba! Don Allah ka bar ni in koyi kuskurensu, da shi zan ciyar da yara."

Bai ko ɗago ba. Ya sa ta zana nasa sau arba'in, har hannunta ya riƙe.

Ranar jarabawa, tambaya ta ƙarshe, mai maki mafi tsoka, ita ce zanen. Hannun ya yi aikinsa bai shawarce ta ba. Sai da mai sa ido ya ce saura minti uku ta ga farashi kwance a takardarta, kamar yadda Baba ke so. Babu lokacin sabon zane. Ta ƙura wa layin da ke tsakiyar zanen ido: ko ta wane gefe aka karanta shi, gangarowa yake yi. Ta soke sunayen layin kwance da na tsaye da lambobinsu ta musanya su, ana zare takardar daga ƙarƙashin hannunta.

Ta tarar da Baba a bakin ƙofar gida, wai shan iska yake, shi da ya tsani iska.

"Zanen ya zo?"

"Ya zo."

"Ina kika sa farashi?"

Ta yi niyyar ƙarya, ta fasa.

"A tsaye, Baba."

Ya zaro jan biron daga aljihun gaba, ya rufe shi da murfinsa, ya miƙa mata.

"To kin ci. Ba su taɓa kayar da wanda ya yarda da su ba."