Ƙyauren da Ya Sha Laima

Kafin mu taso, duk wanda ya ce mini garin da za mu koma akwai zafi sai in yi masa dariya. Ni za a gaya wa zafi? A inda aka haife ni, in ka shanya zani ka shiga ɗaki ɗauko wani, kafin ka fito na farkon ya bushe ƙarau. Ashe zafi ma iri-iri ne. Namu na can ƙona ka yake yi ya bar ka, na nan kuwa dafa ka yake yi a hankali, kamar an rufe ka a tukunya.

Zufa ba ta bushewa. Ka yi wanka ka goge jiki, kafin ka sa riga ka sake jiƙewa. Gishiri ya dunƙule a gwangwani, ashana ta ƙi kamawa, takalman mijina na fita suka yi funfuna a ƙarƙashin gado. Ni kuma da wayona sai na riƙa yayyafa ruwa a tsakar ɗaki yadda muke yi a gida don a sami sanyi. Maƙwabciyata ta leƙo ta gan ni, ta riƙe baki ta ce, "Baiwar Allah, ruwan da ke cikin iskar bai ishe ki ba sai kin ƙara?" Ita ta koya mini buɗe tagogi biyu masu kallon juna, da janye katifa daga jikin bango.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya tsaya mini a rai aikin mijina ne. Kafinta ne, kuma wani mai shagon kafinta a nan ya ɗauke shi gwaji: in aikinsa ya yi, ya zauna, in bai yi ba, kowa ya kama gabansa. A kan wannan maganar muka sayar da 'yan komatsanmu, muka cire 'yarmu daga makaranta muka sa ta a ta nan. Yayyena maza kuwa har a tasha suna cewa, "Ku dai je, ɗakinki na nan ba za mu ba kowa ba." Na san abin da suke nufi, kuma na rantse a raina ba zan koma ɗakin nan da buhuna a ka ba.

Ban yi shakkar hannun mijina ba. A garinmu katako motsewa yake yi bayan an gama aiki, ƙofar da aka yi mata sakaci sai ka ga ta buɗe baki har ƙadangare na wucewa. Shi ya sa ubansa ya hore shi da busar da katako sosai, sannan ya haɗa shi tsam, ko takarda ba za ta ratsa ba. Da haka ya yi suna. In ya gama ƙyaure sai ya kira ni in gwada zura allura, in na kasa ya yi ta murmushi kamar an ba shi sarauta.

Cikin ayyukan da aka ba shi har da ƙyauren ɗakin mahaifiyar mai shagon, tsohuwar da kowa ke kira Iya. Ya shanya katakon a rana har ya gamsu, ya haɗa, ya je ya kafa shi da kansa. Lokacin ruwa bai sauka ba tukuna. Da damina ta kankama, aka yi ta ruwa ba ƙaƙƙautawa, rana ta leƙo ta ƙara turara mu, ruwa ya dawo.

Wata safiya ta ranar hutu muna karyawa waya ta yi ƙara. Ina jin muryar mai shago daga inda nake zaune, ko gaisuwa babu: "Ka ɗauko kayan aikinka ka zo gidan Iya yanzu. Ƙofarka ta kulle ta a ɗaki." Mijina ya ajiye kofin shayi, ya kasa gane inda hularsa take alhali tana kansa. Na kai yarinya wurin maƙwabciya, na sungumi jakar kayan aikin na ce ni zan riƙe masa. Ya ce ba sai na je ba. Na ce in korarsa za a yi, a kore shi a gabana.

Mun tarar da mai shago a tsaye a baranda, gajere kakkaura, fensir a bayan kunne, rigarsa ta manne a baya. Ƙyauren ya kumbura ya cije a cikin katakon bakin ƙofa, har fentin gefensa ya tattare. Iya kuwa tana zaune a bakin taga ta ciki, tana fifita da murfin kwali.

"Tun asuba nake so in ɓalla shi ta hana ni," in ji mai shago, bai ko kalle mu ba.

"Na hana ɗin," Iya ta amsa ta taga. "Tunda nake ban taɓa samun ƙofar da sauro bai san hanyarta ba sai wannan. Wanda ya yi ta shi zai buɗe ta. Kai ne kafintan, ɗan nan?"

Mijina ya durƙusa a gindin tagar ya gaishe ta. Ya ce, "Iya, ki gafarce ni."

"Gafara sai na fito. Ka yi sauri dai, tsohuwa ba ta da haƙurin wani abin."

Dariya ta taso mini, na danne ta, don fuskar mai shago ba ta wasa ba ce. Mijina ya roƙi Iya ta koma kan gado. Ya shafa ƙyauren daga sama har ƙasa, ya gano inda ya fi cijewa, ya ɗora guntun katako a wurin ya riƙa bugawa da guduma a hankali. Zufa na ɗiga daga haɓarsa. Can sai ƙyauren ya yi wata ƙara ya buɗe. Iya ta fito da sandarta ta wuce mu fuu ta nufi bayan gida, ba ta tsaya amsa sannu ba.

Aka kwance ƙyauren aka kwantar da shi a baranda. Mijina ya ɗauko magoginsa na kankare katako ya ɗan shafi gefen, ya tsaya, ya sake shafa kaɗan ya tsaya. Na san abin da ke damunsa. A wurinsa barin kafa a jikin ƙofa abin kunya ne, kamar ya fita kasuwa da yagaggen wando. Giwa a garin wani zomo ce, kuma ranar na ga haka da idona, har tausayinsa ya sa na juya ina kallon bango.

Mai shago ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya zare fensirin daga kunne, ya tsuguna, ya ja layi a gefen ƙyauren daga sama har ƙasa.

"Har nan za ka ci," ya ce.

"Yallaɓai, ai zai yi kafa."

"Zai yi, in rani ya zo. Katakon garin nan numfashi yake yi, in ba ka bar masa wuri ba shi zai nema da kansa." Ya miƙe yana goge wuya. "Ƙofofi nawa ka kafa tun zuwanka?"

Mijina ya lissafa: ta wani ɗakin shan magani, ta gidan wata malama, da ta wani mai gyaran agogo. Kowace ya ambata sai in ji kamar ana ɗaure mini kaya. Na fara tunanin motar komawa, da fuskar babban yayana in ya zo tarbarmu.

Iya ta dawo ta zauna a kujera tana maida numfashi. Ta dubi ɗanta ta ce, "Kai ka gaya masa halin daminarmu da ka ɗauke shi?"

Mai shago ya sosa ƙeya. Babban mutum mai furfura, sai ga shi yana kallon ƙasa. "Ban gaya masa ba, Iya. Na ga aikin ya yi kyau, ban kawo komai a raina ba."

Mijina ya ci katakon har layin, aka mayar da ƙyauren, Iya ta buɗe ta rufe da yatsa ɗaya. Ta sa aka kawo mana ruwan sanyi, ta tambaye ni yarinya ta saba, ta ce in riƙa sa mata kayan auduga saboda ƙurajen zafi. Ina amsawa, amma kunnena na wurin maza, don har lokacin ba a faɗi abin da na zo ji ba.

Sai da muka kai bakin titi mai shago ya biyo mu. Ya ce wa mijina, "Gobe ka fito da wuri, mu bi gidajen nan kafin su kira mu. Ni zan yi musu bayani, kai ka yi gyara. In mun gama akwai tagogin wata makaranta, su za su kai mu har rani." Ya juyo wurina ya ƙara da cewa, "Ke kuma ki daina ɗaukar masa jaka, mutane za su ce ba na biyan ma'aikatana."

Na sunkuyar da kai ina godiya. Mijina ne ya karɓi jakar daga hannuna, ya ce in goge fuskata mutane na kallo. Na ce masa zufa ce. Ya ce to, shi ma ita ce ta dame shi.