Kunnen Madam Tabawa

Shekara shida ke nan Madam Tabawa tana ji da ido, kuma a ganinta babu wanda ya sani. Kunnen hagu ne ya fara tafiya bayan wani zazzaɓi da ya kwantar da ita sati biyu, na dama ya bi sahu a hankali, har maganar mutane ta koma iso mata kamar daga cikin randa. Ba ta gaya wa kowa ba. Ƴar Damagaram ce mai shekara hamsin da huɗu, talatin da ɗaya daga ciki da alli a hannu, kuma tana cikin mutanen nan da gara ka ce sun yi sata da ka ce sun gaza. Sai ta koyi kallon leɓe. Yaro ya buɗe baki, ta tsare shi da ido, ta haɗa abin da ta gani da ɗan abin da kunne ya tsinto, ta ba shi amsa daidai. A makarantar da take koyarwa a unguwar Goudel ta birnin Yamai, kusa da lambunan bakin kogi, an san ta da wannan kallo. Iyaye suna cewa Madam Tabawa tana hango ƙarya tun ba ta fito daga baki ba. Ita kuwa baiwar Allah maganar kawai take nema.

Sai annobar korona ta zo, aka rufe makarantu wata biyu da ƴan kai. Da aka ce za a sake buɗewa a farkon watan Yuni, darekta Mushe Harouna, kamar yadda ake kiran malami namiji da Faransanci, ya tara malamai a gindin dogon yaro, kowa nesa da ɗan'uwansa. Ya yi bayani mai tsawo, takunkumi rufe da hancinsa da bakinsa, Tabawa tana gyaɗa kai duk lokacin da ta ga sauran sun gyaɗa. Bayan an watse ta je ta karanta takardar da ya manna a ƙofar ofis. Za a raba kowane aji gida biyu, rabi da safe rabi da yamma. Bokiti mai famfo da sabulu a bakin kowane aji. Malami da ɗalibi, kowa da takunkumi. Ajin da aka samu ya saɓa, a rufe shi. Ta karanta layi na uku sau biyu.

Ajinta shi ne na ƙarshe, yara saba'in da takwas, tun suna aji uku take riƙe da su, kuma saura sati bakwai su zauna jarrabawar da za ta kai su kwaleji. Ta san abin da ake yi da malamin da ya kasa riƙe aji: a mayar da shi wani ofis a cikin gari ya riƙa jera takardu har ranar ritaya. Ta kuma san babu wani malami a ajiye da za a ba yaran nan. Za a watsa su cikin sauran azuzuwa da tuni suka cika, a ƙarshen shekara.

Ranar farko yara talatin da tara suka wanke hannu suka shiga, biyu-biyu a bencin da a da yake ɗaukar huɗu. Ta dube su, babu komai sai idanu. Kiran suna bai ba ta wahala ba, hannu ake ɗagawa. Amma da ta yi tambaya, Huda, wata siririyar yarinya da ke zama a layi na biyu, ta miƙe, ƙyallen bakinta ya shiga ya fita, ya shiga ya fita, ta tsaya tana jira. Tabawa ba ta samu ko harafi ɗaya ba. Ta ce mata ta zauna, babu yabo babu gyara, yarinyar ta zauna jiki a sanyaye. A ranar tsoro ya kama Tabawa, tsoro na gaske, irin wanda rabonta da shi tun shekararta ta fari a aiki.

Da aka tashi ba ta nufi gida ba. Ta hau faba-faba, ƙaramar bas ta haya, zuwa unguwar Kalley, inda ƙanenta Shu'aibu yake da shagon ɗinki a bayan Babbar Kasuwa. Tun da annoba ta shigo ya ajiye ɗinkin riguna ya koma ɗinka takunkumi, wanda ƴan gari ke kira babet, har ya yi ƙiba. Da ya gan ta ya tashi daga kan keke, ya ja da baya har jikin bango, ya sauke takunkuminsa zuwa haɓa, sannan ya gaishe ta.

"Yaya, lahiya da rana tsaka?"

"Kai kake ɗinka wa gari babet, kai ne kuma ba ka sawa daidai," ta ce. "Ina son wata mai taga. Ka yanke tsakiya ka sa leda mai haske, yadda za a ga baki. Guda tamanin."

"Mi za ki yi da baki, Yaya?"

"Faransanci ake koyarwa. Sai an ga yadda leɓe ke tahiya."

Shu'aibu bai ƙara tambaya ba. Ya yanko ledar shimfiɗar tebur ya ɗinka guda ɗaya ta gwaji, ya ɗaura, ya fara magana. Kalma biyar ta karanta a bakinsa, daɗi ya fara kama ta, sai ledar ta yi hazo da numfashi. A zafin Yamai na watan Yuni, kafin ya kai ƙarshen zance tagar ta koma kamar murfin tukunya. Ya cire yana haki yana dariya. Ita ba ta yi dariya ba, ta ɗauki jakarta ta fita.

Kwana na uku shaiɗan ya kawo mata shawara mai sauƙi. Ajinta ne na ƙarshen layi, darekta ba ya leƙowa sai an tashi. Wa zai sani idan ta ce duk mai magana ya ɗan sauke ƙyallen? Har ta ɗaga hannu za ta yi wa Huda alama. Sai ta tuna wurin wa yarinyar take komawa kullum: kakarta, tsohuwa mai ciwon suga da ke sayar da salak a bakin hanyar lambu. Kowane yaro a ajin nan yana da tsoho ko tsohuwa a gida. Ta mayar da hannun ta sosa kunne, ta ce a fito da alluna.

Ƴan allunan hannu ne da ake kira ardwaz, waɗanda manyan aji suke ganin sun wuce su. Tsohuwar dabara ce da aka koya mata tun tana makarantar horon malamai: malami ya yi tambaya, ya buga tebur, kowa ya rubuta, ya sake bugawa, kowa ya ɗaga. Ita sai ta mayar da komai kan allo. Lissafi, tarihi, nahawu. Mai son fita bayan gida ya rubuta. Wanda aka tsokana ya rubuta ƙararsa, wanda ake ƙara ya rubuta kare kansa, kuma da yake rubutu ya fi tsegumi wahala, ƙararraki suka ragu da kansu. Alli ya riƙa ƙarewa kamar ana ci. Mushe Harouna ya leƙo wata rana ya tarar da aji tsit, alluna talatin da tara a sama. A taron malamai ya rubuta sunanta a babban allo a matsayin abin koyi, wai ƙarancin magana ƙarancin yaɗa cuta. Tabawa ta karɓi yabon da fuskar wadda ta daɗe da sanin haka.

Abu ɗaya ne allo ya kasa ɗauka, shi ne karatu a bayyane. Sati biyu tana tsallake shi, kuma yana cin ta a rai, don ta san za a gwada su a kai, ta kuma san Huda da wasu goma suna haɗiye ƙarshen kalma idan ba a tsaya a kansu ba. Dabara ma ta samo. Wata rana lokacin hutu tana zaune a gindin dogon yaro, ta lura tana karanta cinikin mai ƙosai daga can bakin ƙofa. Ta tashi ta auna: taku bakwai, a fili, cikin iska. Yaro zai iya tsayawa can shi kaɗai ya sauke takunkumi ya yi karatu ba tare da ya shaƙa wa kowa numfashi ba. Amma sai da izinin darekta, darekta kuma zai tambayi dalili. Sau biyu tana zuwa ƙofar ofishinsa, sau biyu tana tambayar alli ta juyo.

Ranar wata Talata sufeto ya zo duba yadda ake bin dokokin buɗe makarantu. Mushe Zubairu sunansa, dogo mai tabarau, ya wanke hannu a bokitinta, ya ƙirga benci, ya zauna a baya tare da darekta. Ya ga wasan alluna ya gyaɗa kai. Sannan ya taso ya ɗauki littafin karatu daga teburinta, ya buɗe shafi, ya nuna Huda. Wannan kam ba ya bukatar kunne.

Huda ta miƙe ta fara. Tabawa ta ɗora yatsa a kan layi tana bi da ƙiyasi, tana gyaɗa kai. Da za ta iya kaiwa ƙarshe a haka, ta yi abin da ya fi wannan a shekara shida. Amma a tsakiyar shafi ƙyallen bakin yarinyar ya tsaya, idanunta suka ɗago suka nemi na malamarta. Ta ci karo da kalmar da ta fi ƙarfinta, tana jira a ɗaga ta, kamar yadda ake ɗaga ta tun tana aji uku. Tabawa ba ta ma san a wane layi take ba. Kunya ta rufe ta, ba ta sufeto ba, ta yarinyar. Ta rufe littafin.

"Mushe, ku gafarce ni," ta ce, da muryar da ita kanta ba ta san ƙarfinta ba. "Ba na ji. Kunnuwana sun tahi. Da baki nake karanta magana, yanzu kuma an ruhe baki, kuma daidai ne a ruhe shi. Ɗiyar nan ta tsaya, ban san inda ta tsaya ba."

Takunkumin sufeto ya motsa. Ta ɗauki allon yaron da ke kusa, ta goge da gefen gyalenta, ta miƙa masa da alli. Ya dubi allon, ya dubi darekta, sannan ya rubuta: tun yaushe?

"Shekara shida."

Ya goge ya sake rubutawa: to yaya za ki yi da karatu?

"Ku biyo ni waje."

Ta fitar da su gindin dogon yaro. Ta ja layi a ƙasa da ƙafa, ta ƙirga taku bakwai da ƙarfi, ta ja wani. Ta tsayar da Huda a can, iska tana kaɗawa daga kogi, ta ce ta sauke takunkumi ta soma daga farko. Bakin da ta yi sati biyu ba ta gani ba ya buɗe. A layi na biyu ta tsayar da ita, ta haɗiye ƙarshen kalma. A na biyar ta sake tsayar da ita. Da suka iso kalmar da ta gagara, Tabawa ta raba mata ita gaɓa-gaɓa, yarinyar ta haye ta wuce. Sufeto yana bi a littafi da yatsa, bai samu kuskure ɗaya da ya kuɓuce mata ba.

"Yaro takwas kowace rana, huɗu da sahe huɗu da marece," ta ce masa. "Sauran suna ciki da alluna, ƙofa a buɗe ina ganinsu. Sati biyar ya rage. In za a kai ni ofis, a kai ni bayan sun zauna jarrabawa. Kahin nan ba na tahiya ko'ina."

Mushe Zubairu ya goge allon ya sake rubutu. Abin da ya rubuta layi biyu ne. Na farko: ki gama shekarar. Na biyu: ki je wurin likitan kunne, wannan umarni ne. Ya miƙa mata allon, shi da darekta suka wuce aji na gaba.

Saura yaran. Ta tsaya a gabansu, ta ce musu sun ji abin da ta faɗa, ta ɓoye musu shekara huɗu, su yafe mata. Can Huda ta sunkuya ta yi rubutu, ta ɗaga allonta ba tare da an buga tebur ba.

Mun sani tun muna aji uku, Madam. Shi ya sa muke juyowa.

Tabawa ta karanta, ta sake karantawa. Sai abubuwa suka riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Shekara huɗu babu yaron da ya taɓa yi mata magana ta baya. Mai tambaya sai ya zagayo gabanta ya ɗaga haɓa. Sabon ɗalibi idan ya yi magana kai a sunkuye, na kusa da shi ya zungure shi. Ita duk ta ɗauka tarbiyyarta ce. Har Shu'aibu ta tuna, da ja da bayansa zuwa bango kafin ya sauke takunkumi, da faɗan da ta yi masa. Hawaye suka gangaro suka shige cikin ƙyallen fuskarta, kuma karo na farko ta gode wa ƙyallen nan.

Ta juya ta goge babban allo, ko da yake babu komai a kansa. Sannan ta ɗauki littafin karatu ta kira suna na gaba a rajista, ta ce ya wanke hannu ya same ta a gindin dogon yaro.