Ranar da Barkono Ya Daina Duka

Da ƙarfe ɗaya na rana, idan masu kawo takardu sun janye, Yaya takan kashe injin fotokwafi ya huce, ta jawo durowar ƙasa, ta ɗaga kwalin tawada, ta ciro 'yar na'urar wasan nan mai tsagaggen gilashi. Mace mai shekara talatin da huɗu, wadda ko direban da ke kawo mata takarda sai ya gyara murya kafin ya yi mata magana, ga ta zaune tana kiwon dodanni. Wanda ya gani zai yi dariya. Ita kuwa ba wasan ne ya dame ta ba, wani ɗigo take dubawa.

A jerin abokan wasanta suna ɗaya ne tak, na ƙanenta Auta. A gefen sunan akwai ɗan ɗigo, ruwan toka idan ba ya nan, kore idan ya kunna tasa na'urar. Shekara biyu ke nan da ya bar gida, ya canza lambar waya, amma bai goge ta daga jerin ba. Ko mantuwa ce ko da gangan ne, Yaya ta juya wannan tambayar har ta gaji.

Daidai wannan lokaci Umma take shigowa da kular abinci, ta zauna a kujerar roba kusa da fanka. Ba ta san kan wasan ba, ba ta kuma neman sani. Abu ɗaya ta koya.

"Ya kunna?"

"Jiya dai ya kunna, Umma."

"To, yana da rai ke nan," in ji ta, sannan ta buɗe kular.

Wasan ba shi da wuya. Kowa yana da dodanninsa, a fito da su fili, a riƙa zaɓar dabara bi da bi. Dodo ba ya riƙe dabara fiye da huɗu. Akwai na duka, akwai kuma waɗanda ba sa taɓa kowa, sai dai su ƙara wa naka tauri ko sauri, ko su rage wa na abokin karawa ƙarfi. Wata 'yar kibiya ta haska sama ko ƙasa, shi ke nan. Duk abin da ka tara da su kuma, da an tashi daga faɗan ya goge.

Yaya ta raina waɗannan dabaru tun ranar farko. Dodonta wani jan abu ne mai wutsiyar wuta, ta sa masa suna Barkono, dabarunsa huɗu duk na duka ne. Na Auta kuwa wani ƙaton mai ƙoƙon baya ne da ya raɗa wa suna Kujerar Baba, saboda ba ya motsi. Da an fara, Auta zai danna Ƙudundune, tauri ya hau. Ya sake dannawa. Ya ƙara da Jan Numfashi, sannan ya yi wa Barkono Tsaki, ƙarfin dukansa ya ragu.

"Kai dai ka buga mana," takan ce.

"Tukunna, Yaya. Shiri nake."

Wani lokaci shirin ya yi masa rana, Barkono ya yi ta duka kamar mai dukan bango. Sau da yawa kuma kafin ya gama shirin an gama da shi. Hali zanen dutse, haka yake a wajen wasa ma. Shekara uku ya yi yana shirin buɗe wurin gyaran waya a kusurwar shagon nan. Ya sayi fitila mai wuya, ya sayi ƙananan sukudireba iri goma sha biyu, ya auna bango da tef har sau uku. Teburin da ya tanada don aikin yana nan har yau, an jibga masa takardun da suka lalace.

Ranar da abin ya faru, shago cike da mutane, injin ya cinye takarda, Auta yana tsaye yana bayanin cewa saura kaɗan ya fara. Yaya ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Baba ma har ya rasu yana jiran ka gama shiri," ta ce.

Magana zarar bunu ce. Auta ya ajiye tef ɗin a kan tebur, ya fita. Bayan kwana biyu ɗakinsa babu jaka, babu na'urarsa.

Tun daga nan, duk ranar da ɗigon ya yi kore sai ta tura masa gayyatar karawa, don wasan ba shi da wurin rubuta saƙo, gayyata kawai yake da ita. Wata goma sha huɗu ba a amsa ba. Rannan sai kawai fili ya buɗe, ga Kujerar Baba a tsugune a gabanta. Auta ya danna Ƙudundune. Yaya kuwa, da yake yatsa ya riga ya saba, ta kai duka. Ta sake kaiwa. A na uku Kujerar Baba ya kife, aka rubuta mata ta yi nasara, ɗigon ya koma ruwan toka.

Ko minti ɗaya ba a yi ba. Wata goma sha huɗu tana jira, ta samu ƙanenta a gabanta, ta kore shi da hannunta a karo na biyu. Ranar ta rufe shago da wuri, ta ce wa Umma kanta ke ciwo.

Abin da ta yi bayan haka, da Auta yana nan da ya faɗi ƙasa don dariya. Ta ɗauki Barkono ta kai shi wurin wani tsoho na cikin wasan mai koya wa dodanni dabara. Kafin dodo ya koyi sabuwa sai ya manta tsohuwa, wadda ya manta kuma ba ta dawowa. Na'urar ta tambaye ta ko ta tabbata. Ta tabbata. Ta goge Gobara, dukan da ta fi ji da shi, ta sa Ƙudundune. Ta goge na biyu da na uku, ta sa Jan Numfashi da Tsaki. A na huɗun ta daɗe tana kallon gilashin, sannan ta goge shi ma. Barkono ya tashi da wutsiyar wuta da jan ido, amma ko ƙuda ba zai iya kashewa ba.

Wata takwas tana tura gayyata. Kewa ta yi mata yawa, irin wadda ba ta da wurin zama sai ƙirji. Ta yi kewar yadda yake cin abinci a tsaye, da yadda yake kiranta "shugaba" idan yana so ta ji haushi.

Ran wata Talata, Umma tana zuba abinci a faranti, fili ya buɗe.

"Umma," ta ce a hankali, "ya amsa."

Umma ta ajiye cokali, ta jawo kujerarta.

Auta ya danna Ƙudundune. Yaya ta danna Ƙudundune. Kibiya biyu suka haska sama. Can ɓangarensa agogon zaɓi yana ta raguwa har ya kusa ƙarewa, sannan ya zaɓi Jan Numfashi. Ita ma ta ja numfashi. Ya yi mata Tsaki, ta rama. Tauri ya hau har na'urar ta ce ba zai ƙara hawa ba, ƙarfi ya sauka har ta ce ba zai ƙara sauka ba, amma suka ci gaba da dannawa. Kujerar Baba yana da dabarar duka guda ɗaya, Yaya ta san da ita. Bai taɓa ta ba.

"Wa ke cin wani?" Umma ta tambaya.

"Ba kowa."

"To faɗan me kuke yi?"

"Zama muke, Umma."

Wani mutum ya leƙo da fayil a hammata. Umma ce ta ɗaga masa hannu ta ce injin ya yi zafi, ya dawo an jima. Minti ashirin wasan yake bayarwa. Da suka cika, aka rubuta kunnen doki, fili ya rufe. Yaya ta zuba wa ɗigon ido. Bai dushe ba. Bayan minti biyu na'urar ta yi ƙara, gayyata ta shigo, wannan karon daga wurinsa.

Ƙaton mai ƙoƙon bayan nan ne dai ya fito, amma an canza masa suna. A saman kansa an rubuta: Ina Umma?

Ta karanta wa Umma. Tsohuwar ta kama bakin mayafinta ta rufe baki.

"Ki ce masa ga ni. Ki faɗa masa mana."

Nan gizo ke saƙar. Ba a canza wa dodo suna ana cikin faɗa, sai an fita. Barkono ba shi da abin da zai gama faɗan da shi, Auta kuma ba zai buga ba. Ko dai ta bar shi minti ashirin yana kallon tambayarsa babu amsa, ko ta danna maɓallin sallamawa da ke can ƙasa, wanda tunda ta fara wasan nan yatsanta bai taɓa zuwa kusa da shi ba. Idan ta danna, fili zai rufe nan take, kuma ba ta da tabbacin zai fahimta. Yana iya ɗauka ta sake juya masa baya.

Ta danna. Na'urar ta rubuta: Kin sallama.

Ta shiga wurin suna da sauri, yatsunta suna kuskure. Harafi goma sha biyu kawai ake ba mutum. Wannan karon dodanni biyu za ta fitar, Barkono da wani daga cikin sauran. Na farko ta rubuta masa Tana jira. Ta zo kan Barkono, ta goge sunan da ya yi shekara shida da shi, ta rubuta Yafe min. Ta sa shi a baya, inda ba za a gan shi ba sai an ɗan jima. Sai ta tsaya, ta ciji leɓe, ta dawo da shi gaba. Ta tura.

Ɗigon yana nan kore. Fili ya buɗe, Yafe min ya tsaya a gaban Ina Umma. Ta zaɓi Ƙudundune, ta jira. Agogon Auta ya fara raguwa, talatin, ashirin, goma, bai zaɓi komai ba.

Sai wayarta ta yi ƙara a kan injin fotokwafi, lambar da ba ta sani ba. Mutumin da ya auna bango sau uku, yau ko minti ɗaya bai tsaya shiri ba. Ta ɗauka, ta kara a kunne.

"Shugaba," in ji muryar, ta ɗan yi kauri fiye da da, "wa ya ce ki lalata Barkono haka?"

Yaya ta miƙa wa Umma wayar da hannu biyu, ta juya ta fara kwashe lalatattun takardun da ke kan teburinsa.