Maɓallai Shida

Duk Kaura Namoda, in ana maganar buga Hausa a kwamfuta, ƙ da ɗ da ɓ kowanne da lanƙwasarsa, to Saliha Maigari ake nufi. Ɗan shago gare ta kusa da ƙofar foliteknik, da wani tsohon kibod da haruffansa suka fara gogewa. Ko kallonsa ba ta yi in tana bugu.

Wata makaranta a Shinkafi ta nemi mai buga takardu, mutum ɗaya tak. Aka ce kowa ya kawo takardar neman aiki da shafi uku na gwaji da Hausa. Saliha ta kwana biyar tana gyara nata. Ran Lahadi ta gama, ta kulle shago, ta rataye mabuɗi a ƙusar ɗakin kakarsu, ta tafi bikin suna Zurmi. Ran Alhamis ta kai takardun Shinkafi da hannunta.

Shugaban makarantar ya duba, ya ɗago kai. "Malama, ki ji tsoron Allah. Tun Talata wata ta kawo mana wannan, ko waƙafi bai bambanta ba, har mun ɗauke ta. Ina kika kwafo?"

Kwafo! Ita Saliha! Ta nemi jin sunan, ya hana. Ta dawo gida zuciyarta na tafasa, tana ta zargin ɗaliban da ke cusa mata filas a kwamfuta.

Ran Asabar ta buɗe shago, sai ga wani abin haushin. Ta danna maɓallin A, ya shige ya ƙi tasowa. To ina Hausa za ta je babu A? Ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya, ta sami shida sun liƙe ƙam.

Ta zare wayar kibod ɗin, ta ɗauko cokalin shayi. Ta zura wutsiyarsa ƙarƙashin maɓallin gogewa, ta ɗaga a hankali, don tsohon roba ba ya son gaggawa. Ya ƙi. Ta ɗiga sifirit, ta jira, ta ɗan girgiza shi hagu da dama, sai ya ɓalle. Ƙarƙashinsa wani danƙo ne ja-ja-ja, da gawar ƙiyashi a ciki. Ta dangwalo da tsinke ta sansana. Iloka ce, alewar madara, zafin shago ya narkar da ita.

Ta ɓalle sauran biyar tana tsaki, tana jera su a faranti. H. N. A. R. I.

Sai hannunta ya tsaya. Ɗalibi mai buga aikin makaranta ai duk kibod ɗin zai shafa. Wannan kuwa ya goge kalma ɗaya ne, ya sa wata. Ta tura R gaba da ɗan yatsa, A ta biyo, sai H, sai I, sai N.

Rahina. Ɗiyar baffanta, wadda suke kwana ɗaki ɗaya, wadda jakarta ba ta rabo da iloka. Sunan kaka ɗaya suke amsawa, gida ɗaya suke rubutawa a adireshi, shi ya sa ba ta ko wahalar da kanta da taɓa Maigari ba. Kuma ita ce ta zauna gefen tabarma daren Alhamis tana cewa, "Allah ya tona asirin wanda ya yi miki wannan, Yaya." Saliha ta ce amin da ƙarfi. Abin da ya fi yi mata ciwo ke nan, wallahi, fiye da aikin.

Wajen azahar sai ga sallama. Rahina ta shigo da sabon mayafi, tana tsotsar yatsa.

"Yaya Saliha, sannu da aiki. Don Allah wata alfarma nike nema. Ki nuna mini yadda ake fito da ƙ mai lanƙwasa. Wata ƙawata ce za ta fara aiki jibi, ta rasa yadda ake yi."

"Jibi?"

"Jibi, Litinin."

"A Shinkafi?"

Rahina ta cire yatsan daga baki.

Saliha ba ta ɗaga murya ba. Ta tura mata farantin har gabanta, maɓallan suna jere, danƙon bai bushe ba.

"Karanta," ta ce.

Rahina ta duba.

"A ɗaya ce a kibod, ki cika ta ƙarshe da kanki," in ji Saliha. Ta ɗauki na shida, na gogewa, ta ajiye mata a tafin hannu. "Wannan kuma ki tafi da shi. Shi kaɗai kika iya."